Tandun Kwallin Inna

Inna tana raye, da wannan zan fara, kuma na gode wa Allah da ya bar mana ita. Da sanda take tafiya yanzu, tana jan ƙafar hagu, hannun hagun kuma ko ludayi ba ya riƙewa. Wata bakwai ke nan da faruwar abin. Na daɗe ina cewa zan rubuta ina fasawa, saboda duk ta inda na ɗauko labarin sai in tarar ni ce ban fito da kyau ba. Yau dai na ce a rubuta a huta, ko wata mai hali irin nawa za ta karanta ta kiyaye.

Sunana Rakiya. Ma'aikaciyar lafiya ce ni a wani ƙaramin asibiti a Birnin Kudu. Na fi shekara goma ina awon jini, ina allura, ina yi wa mutane faɗa a kan shan magani. Ni ce 'yar farin Inna. Mutanenmu asalinsu masu shanu ne da suka zauna a wani ƙauye kusa da Sara, a ƙasar Gwaram. Fulatancin ya tafi tun zamanin kakanni, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta ambace ni sai ta ce wa ƙannena "yayarku", in a gaban baƙi ne ta ce "waccan". Ba ta haɗa ido da ni, ba ta yabona, in na shigo tana hira sai hirar ta mutu. Ana yaye ni aka ba goggona a Birnin Kudu, ita ta sa ni makaranta. Na san al'ada ce, kowa ya faɗa mini ba ƙiyayya ba ce. Sanin hakan bai taɓa hana abin ci mini rai ba.

Ciwon ya fara ne bayan girbi, da ciwon kai ta ƙeya da jiri in ta sunkuya shara. Sati biyu tana fama kafin ƙanena Sabi'u, wanda take zaune a gidansa, ya kira ni. Kafin in iso an riga an yi mata ƙaho a wuya, kawunmu ya kawo rubutu, aminiyarta Iya Kande ta cika ta da zoɓo da tafarnuwa har ɗakin ba ya shiguwa. Na fito da abin awon jini. Ta miƙo hannu tana kallon bango, kamar wadda za a karɓi bashin gaisuwa a wurinta. Na auna sau biyu, na sake aunawa a ɗaya hannun, duk magana ɗaya ce, jini ya hau sosai.

Washegari muka kama motar farko zuwa babban asibitin Birnin Kudu. Na sa farin kayan aikina don a ga ido, amma layi bai san wannan ba. Muka yanki kati da hantsi, muka zauna a benci har aka kira azahar, Inna tana rufe da mayafi tana ƙorafin an fito da ita ba ta ba awakinta dusa ba. Likitan da muka gani matashi ne, mai magana a hankali. Ya rubuta ƙwaya ɗaya kullum da safe, ya ce a rage gishiri, sannan ya faɗi maganar da har yau take kaina.

"Inna, wannan ciwon ba ya sallama. Ranar da kika fi jin daɗin jikinki, ranar ma ki sha."

Da muka koma gida na tsaya a tsakar gida na zuba doka. Tukunyar Inna daban, babu gishiri, babu kanwa, babu dunƙule. Goro a daina. Magani kullum, ko ana ruwa ko ana rana. Na yi bayanin jijiyoyi da zuciya da ƙoda, na kawo labarin waɗanda na gani ɓarin jikinsu ya shanye. Inna tana zaune a tabarma tana kallon kaji. Da na gama ta ce wa Sabi'u ya gaya wa yayarsu an ji.

Sati biyu ta sha, ciwon kai ya tafi, ta ajiye. Da Sabi'u ya tambaya ta ce ai ta warke, mai lafiya ba ya shan magani sai ya jawo wa kansa wata cutar. Da na dawo ƙarshen wata na auna, jini yana inda na same shi tun farko. Miyar da ake yi mata daban kuwa, ashe tana da ɗan gishirinta ƙulle a bakin zane, ana ajiye mata kwano sai ta kwance ta barbaɗa. Ba na iya ɗaga wa Inna murya, don haka Sabi'u ne ya sha faɗan, har maƙwabta suka leƙo ta danga.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, ba a jahilce na yi wannan ba. A shekarar an tura mu bita har sau biyu a kan yadda za a sa abin da masu bincike suka gano ya shiga rayuwar mutane ta kullum. Malamar da ta koyar da mu ta ce ilimin hawan jini ba sabo ba ne, yana nan jibge a takarda, tsakanin takardar da bakin mara lafiya ne ake yin asara. Ta ce kafin ka zargi mutum da taurin kai, ka bincika ko ya iya abin da kake so ya yi, ko gidansa da zamansa sun ba shi dama, sannan ko shi kansa yana so. Ta ce sabon hali ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an rataya shi a jikin tsohon hali da mutum ba ya fashinsa. Ta ce a shiga ɗakin mutum a ga yadda safiyarsa take kafin a buɗe baki. Na rubuta duk wannan da jan biro, aka ba ni takardar shaida na manna a bango. A kan marasa lafiyar da ban sani ba ina ɗan gwadawa. Da aka zo kan uwata sai na koma wa'azi, domin ni so nake ta sha maganin saboda ni na faɗa.

A nan Dije ta shigo labarin. Matar Sabi'u ce, 'yar Basirka, lokacin ba ta cika shekara da aure ba. Aji uku ta yi a firamare aka cire ta. Siririya ce marar magana, in tana gaban Inna kanta a ƙasa, kamar yadda suruka take yi. Ranar da na gama yi wa Sabi'u faɗa ta biyo ni har zaure, ta durƙusa ta tambaye ni ko dole sai an ci abinci kafin a sha ƙwayar. Na ce ba dole ba ne, a gajarce, ina gyara jakata. Ban ma tambaye ta dalili ba.

Sai bayan sati shida na sake zuwa. Na auna Inna da yamma, jini ya sauka, ya sauka ƙwarai. Na ji wani daɗi ya rufe ni, na ce a raina ashe faɗana ya ratsa. Kwana na yi da wannan alfahari.

Da safe na ga gaskiyar abin. Inna tana da tandun kwalli, ɗan ƙaramin na fata da ta gada wurin uwarta, yana rataye a ƙusa kusa da inda take salla. Tun da na san ta, ba ta taɓa fitowa tsakar gida bayan asuba ba tare da ta sa kwalli ba, ko ranar da Baba ya rasu sai da aka hana ta. Ina kwance ina kallo ta shafa addu'a, ta miƙa hannu ta sauko da tandun. A wuyansa an ɗaure katin ƙwayoyin maganin da wani tsumman atamfa, yadda ba za ka zare tsinken kwallin ba sai ka taɓa shi. A daidai lokacin Dije ta yi sallama ƙasa-ƙasa, ta ajiye kofin ruwa a gefen tabarma, ta gaishe ta, ta fita. Ba ta ce komai a kan magani ba. Inna ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta kora da ruwa, ta zizara kwallinta, ta mayar da tandun.

Gishirin ma haka. Dije ta daina tukunya biyu, ta ce itace yana wahala. Sai ta riƙa auna gishirin gidan duka da murfin kwalba, kowane sati tana ɗan ragewa, tana ƙara daddawa da citta. Har aka kai inda aka kai babu wanda ya lura, Sabi'u ma da yake cin tuwo kamar ba gobe bai ce uffan ba. Inna kuwa tunda kwanonta iri ɗaya ne da na kowa, ta daina jin an mayar da ita majinyaciya, ƙullin bakin zane ya ɓace.

Mutumin kirki zai yi murna. Na yi murnar a baki, na ce wa Dije sannu da ƙoƙari, da muryar da nake yi wa ɗalibai 'yan koyon aiki. A ciki kuwa wuta ce. Yarinyar da ba ta san bambancin jijiya da tsoka ba ta yi cikin wata ɗaya abin da na kasa da takardar shaidata. Kuma duk yini sunanta ne a bakin Inna. Dije zo ki ga, Dije ina kika sa, Allah ya yi wa Dije albarka. Na zauna ina ƙirga yadda sunan yake fita a sauƙaƙe daga bakin da bai taɓa furta nawa ba.

Ranar komawa asibiti ta ƙarasa ni. Mu uku muka shiga, ni da Inna da Dije. Likita ya auna, ya yi murmushi, ya dube ni da farin kayana ya ce lallai an ga amfanin 'ya ma'aikaciya. Kafin in buɗe baki Inna, wadda ba ta magana a gaban maza, ta ce ai yarinyar nan ce, ta nuna Dije. Ya sa Dije ta yi bayani, ta yi cikin mayafi da ƙyar ake jinta. Ya ajiye biro ya ce irin wannan ake tara su a koya musu a bita, ga shi ta yi da tsumma. Na yi dariya tare da su. A mota na juya fuskata wajen taga har Sara.

Akwai wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba sai Dije, ita ma daga baya. Bayan wata biyu aka sa ni in yi wa sababbin ma'aikata bita, na kawo misalin tandun kwalli, na ce wata dabara ce da na gwada a kan wata tsohuwa. Aka tafa mini. Na karɓi tafin.

Duk da haka ban huce ba. Duk zuwan da zan yi sai na nemo aibu. Tsumman ya yi datti. Kwalli yana taɓa katin. Bangon yana ɗaukar zafi da rana. Dije takan ce to Yaya, ta wanke tsumman ta mayar. Wata takwas Inna ba ta yi fashin kwana ɗaya ba, ni kuma wata takwas ina jiran ranar da za a ce dabarar ta gaza.

Da damina ta kama, cikin Dije ya tsufa, aka zo daga Basirka aka tafi da ita goyon ciki, tunda haihuwar fari ce, sai ta yi arba'in za ta dawo. Kafin ta tafi ta ɗaura sabon kati a tandun, ta ba Sabi'u sauran, ta roƙe shi ya riƙa ajiye kofin ruwa kafin ya wuce gona. Juma'ar da ta biyo baya na iso da tsarabata. Wani akwatin roba ne mai kyau, fari da shuɗi, mai ƙananan gidaje na wata guda, kowane gida da murfinsa da ranarsa a rubuce. A wurin bita na ga irinsa na sa aka sayo mini daga Kano. Na karɓi maganin da ke hannun Sabi'u, na kwance na jikin tandun, na ɓalle ƙwayoyin duka na jera su gida-gida. Tsumman na jefa a murhu. Na ce wa Sabi'u ya huta da zancen kofi, yanzu an zo da tsari na asibiti. Na ajiye akwatin a kan taga na yi wa Inna bayani, ta saurara tana kallon ƙofa, ta ce an gode.

In ce don tsafta na yi, ƙarya ne. So nake in Dije ta dawo ta tarar an share sawunta, kuma in an koma wurin likita a ce yayarsu ce.

Asabar da Lahadi ni na buɗe na ba ta da hannuna. Na lura murfin yana da tauri, sai na sa farce, amma ban kawo komai a raina ba. Na koma Birnin Kudu. Ina kira duk bayan kwana biyu. Inna ba ta doguwar waya da ni, gaisuwa ce ta miƙa wa wani. In na tambayi Sabi'u sai ya ce ai akwatin yana ɗakinta, ta ce ana lallaɓawa. Shi yana fita gona tun duku-duku, lokacin noman farko ne. Girki kuma ya koma hannun Inna, da tsohon ma'auninta na gishiri.

Ranar Laraba ta sati na huɗu, ina tsakiyar awon masu ciki, Sabi'u ya kira. Ya ce Inna tana dama koko ludayi ya faɗi, bakinta ya karkace, magana ba ta fita. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce tun fitowar rana. Lokacin hantsi ya yi sosai. Ashe kawu ya ce iska ce ta buge ta, an tsaya hayaƙi da tofi. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ita na kama, amma na ce a yi ta a cikin mota. Kafin a sami motar, a fito da ita ta hanyar da ruwa ya cinye, a iso, an yi azahar. Duk wanda ya ga baki ya karkace ko hannu ya saki, don Allah kada ya jira kowa, ya nemi mota.

Likitan nan dai muka samu. Ya auna, ya dube ni, ya tambaya ko tana shan maganinta. Na ce ƙwarai, ni da kaina na tsara. Ya ci gaba da rubutu.

Satin farko ban so in tuna shi. Ruwa da cokali, kunu da cokali, rabi yana dawowa ta gefen baki. Juyi duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo. Wata mai shara a ɗakin, dattijuwa, ita ta nuna mini yadda ake naɗe zane a ƙarƙashin mutum a juya shi ba tare da an ja hannun da ya mutu ba, Allah ya saka mata. Matan da ke jinya a gadajen kusa suka riƙa ba mu ruwan zafi da aron tabarma. Hoton kai da aka ce a yi da magunguna suka cinye ragunan Sabi'u biyu da yake kiwo don Salla. Wasu ma'aikatan sun yi mana kirki, wasu sai ka kira sau uku, na kuma gane muryata a bakinsu, abin bai yi mini daɗi ba.

Ga kuma kunya, har a gadon asibiti. Inna ba ta yarda in yi mata wanka ko in sa mata tasa ba. Sai ta riƙe fitsari tana zufa har sai Iya Kande, da ta biyo mu, ta dawo daga salla. Ni da nake yi wa matan wasu wannan kullum, aka bar ni da riƙon labule. A kwana na biyar bakinta ya fara sakuwa, muka matso mu ji. Kalmar farko da ta fito sarai ita ce Dije. Tana tambaya ko ta sauka. Uwata tana tsakanin rai da mutuwa, ni kuma ina tsaye kishi yana cina. Na fita baranda na yi kuka, rabin kukan na haushin kaina ne.

Ana gobe za a cika sati, likita ya zo gwada hankalinta. Ya nuna Sabi'u, ta faɗi sunansa. Ya nuna Iya Kande, ta faɗa. Ya nuna ni ya ce wannan fa, mene ne sunanta. Inna ta yi shiru. Ya sake tambaya. Ta kawar da kai wajen bango da ƙyar, ta ce, "Yayarsu ce."

Ya fara rubuta cewa akwai mantuwa. Iya Kande ta ce likita ajiye bironka, ranar da ta faɗi sunan nan ranar za ka san kan ya taɓu. Dariya ta kama ni da hawaye tare. Ban taɓa jin daɗin rashin kiran sunana ba sai ranar.

A sati na biyu Dije ta haifi namiji, ba mu sami zuwa suna ba. A na uku aka sallame mu, aka ce a riƙa kawo ta gashin ƙashi sau biyu a sati. Na ɗauki hutu na bi ta gida. Abin da na fara nema shi ne akwatin, don har lokacin ina gaya wa kaina wataƙila maganin ne ya daina yi mata aiki. Ba ya kan taga. Sabi'u bai san inda yake ba. Iya Kande ta dube ni wani iri, ta ce in duba adaka.

Adakar Inna ta ƙarfe ce, a ƙarƙashin gado, ban taɓa buɗe ta ba. Na ɗaga zannuwan sama. A can ƙasa na ga ɗankwalin da na saya mata da albashina na farko, yana nan da ninkinsa na kanti. Shekaru ina jin ciwon ba ta taɓa ɗaura shi ba. Ga takalmin da na kawo wata Salla, ga carbi, ga mayafin da na ce ta raina. A cikin ɗankwalin aka naɗe akwatin. Na buɗe. Gida biyu ne babu komai, Asabar da Lahadi.

Iya Kande ta zauna a bakin gado ta ba ni labari. Ta ce ranar da na tafi Inna ta kira ta, ta saki labule, ta fito da akwatin tana juya shi, ta ce mata zo ki ga abin da waccan ta kawo, ko a gidan hakimi babu irinsa. Iya Kande ta ce to a riƙa amfani da shi mana. Inna ta ce ina, ta zauna kullum da safe da kayan 'yar fari a gaba, masu shigowa gaisuwa suna gani, a ce tana tutiya da ita? Ta ce za ta riƙa ɗauka in babu kowa. Sau ɗaya ta gwada murfin ya ƙi buɗuwa, ta ji tsoron kada ta karya. Jikinta kuma lafiya lau, tandu babu komai a wuyansa, babu kofi a gefen tabarma. Kwana ya bi kwana.

Na zauna a ƙasa da akwatin a cinya. An ce mu shiga ɗakin mutum mu ga safiyarsa. Ni ɗakin uwata ne ban sani ba. Da na taɓa tambayar kaina ina kayan da nake kawowa suke shiga, da na san duk abin da ya fito daga hannuna adaka yake tafiya. Dije ta san wannan cikin wata uku da zuwanta, domin ita kallo take yi, ni kuwa jira nake a kalle ni.

Da ta yi arba'in ta dawo da jaririnta. Ta shiga ta ga Inna, ta fito bayan ɗaki tana kuka ba sauti. Na same ta a can na gaya mata komai, har tsumman da na ƙona, har tafin da na karɓa a kan dabararta. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ta goge ido da bakin zane.

"Yaya, ni ban san dabara ba ce. Ba zan iya cewa Inna ta sha magani ba, da wane bakin? Shi ya sa na sa a inda za ta gani."

Washegari na sayo sabon kati. Na ɗauko tandun da niyyar in ɗaura da hannuna, in gyara abin da na ɓata. Har na yagi tsumma sai na tsaya. In Inna ta san ni na ɗaura, ban san inda zai kwana ba. Na kai wa Dije a madafa, na koma zaure na jira.

Haka muke yi har yau. Ni nake sayen maganin, in cire shi daga ledar kantin Birnin Kudu, in ba Dije a zaure. Da safe ita take riƙe wa Inna tandun tunda hannun hagu ya ƙi, Inna ta ɓallo ƙwaya, ta sa kwallinta, ta sa wa Dije albarka. A wurin aiki na rage faɗa, ina tambayar tsofaffi me suke fara taɓawa in sun idar da salla, kuma in na ba da misalin tandu ina cewa na matar ƙanena ne. Masu jinya, in kun tarar wani tsari yana tafiya a gida, ko da tsumma aka ɗaure shi, ku bar shi, ko da wanda ya ƙulla shi ba ya yi muku daɗin gani. Akwatin na juye shi na naɗe a ɗankwalinsa na mayar inda na same shi.

Ba zan ce kishin ya tafi ba. Sandar ƙarfen da Inna take dogarawa, mai ƙafa huɗu, ni na yi yawon nemanta har Kano, amma a hannun Dije ta shiga ɗakin. Duk wanda ya zo dubiya sai Inna ta ɗaga ta ta ce ku ga abin da Dije ta kawo mini. Juma'ar da ta wuce ina tsakar gida ina wanke kwanuka ta faɗi haka ga wasu baƙi daga Dingaya, na ji abin ya soke ni kamar kullum. Na ci gaba da wanke-wankena, ina kallonta ta gefen ido tana takawa da sandar, a hankali, har bakin danga wurin awakinta.